Tambayoyin Masu Karatu: In Cire Ɗana Daga Makaranta Ya Koyi Sana'a?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana da shekara 15, karatu ya fita ransa, ya kafe shi dai aikin wayarin yake so. In cire shi daga makaranta in kai shi wajen mai aikin lantarki? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki kai shi, amma kada ki cire shi daga makaranta. A haɗa masa biyu: aji da safe, wajen aiki da yamma da ranakun hutu.

Sana'ar da ya zaɓa lissafi ce tsagwaronta. A ce za a jona dutsen guga mai cin wat 2,000 a wuta mai ƙarfin bolt 230. Idan aka raba 2,000 da 230, za a ga yana jan amfiya kusan 9 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya). Da irin wannan lissafi ake zaɓen kaurin waya. Shi ya sa a wayarin gida aka saba jan layin fitilu da wayar da masu aiki ke kira 1.5, layin soket kuma da 2.5. Yaron da ya koya da ido kawai zai iya jera kaya masu cin wuta a kan siririyar waya. Da ya ga bireka, wato na'urar da ke yanke wuta da kanta idan kaya sun yi wa layi yawa, tana yawan faɗuwa, sai ya cire ta ya sa babba, yana ganin ya gyara. Alhali aikin bireka shi ne ta yanke wuta kafin waya ta yi zafin da zai narkar da robarta. Babbar bireka a kan ƙaramar waya, gobara ce ke jiran lokaci. Ba a gane wannan da kallon hannun maigida, sai an iya karanta abin da aka rubuta a jikin na'ura an kuma buga lissafi.

A Jamus haka tsarin yake tafiya: ɗan koyo yana yin kwana uku ko huɗu na mako a kamfani, ɗaya ko biyu a makarantar sana'a, tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi, ana biyansa alawus, sannan ya zauna jarrabawa. Kafin ki damƙa ɗanki, ki tambayi maigidan: yaushe yaro zai fara taɓa aiki da hannunsa, kuma ana koya masa kashe wuta da gwada ta kafin ya taɓa waya? Idan wata shida za su wuce yana ɗaukar tsani da aike kawai, ki sake wuri.

Tambaya: Ƙungiyarmu ta koya wa matasa ɗinki na wata uku, muka raba musu kekuna, amma da yawa sun sayar. Ina muka kuskure? Daga wani malami.

Amsa: Malam, fara ƙirga awannin da kowane ɗalibi ya yi ƙafarsa a kan feda. Idan mutum biyar ke rabon keke ɗaya a darasin awa biyu, kowa minti 24 ya samu, sauran lokacin ɗan kallo ne. Wata uku a haka ba ya fitar da tela.

Sai yadda ake koyarwar. Akwai tsarin matakai huɗu da masana'antun Amurka suka yi amfani da shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu: a shirya ɗalibi, a nuna masa aikin daki-daki ana faɗin dalilin kowane mataki, ya yi da kansa yana bayani da bakinsa ana gyara masa, sannan a riƙa leƙo shi bayan an sake masa. Na huɗun nan shi aka fi tsallakewa, ana yin bikin yaye ɗalibai an gama.

Sau da yawa kuma ƙaramar matsala ce ke kwantar da keke. Zare ya riƙa cukurkuɗewa a ƙarƙashin yadi, ɗalibi ya ɗauka keken ya lalace, alhali zaren sama ne ba a saka daidai ba ko ya yi sako-sako. Ko allura mai lamba 14 ta riƙa karyewa a yadi mai kauri wanda 16 yake buƙata. A ware kwanaki a koyar da sa mai, share ƙura da canza allura. A kuma koya musu fitar da kuɗin aiki: zare, maɓalli, lokaci, riba. Wanda ba ya samun ciniki, keken shi ne kadarar da zai fara sayarwa.

Tambaya: Shin koyon sana'a yana cikin abin da ake kira ci gaban ɗan Adam, ko sai digiri? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Yana ciki. Ma'aunin da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara fitarwa a 1990, ƙarƙashin jagorancin masanin tattalin arziki Mahbub ul Haq na Pakistan, yana duba tsawon rai, ilimi da kuɗin shiga. Sai dai a ɓangaren ilimi shekarun makaranta yake ƙirgawa, don haka wanda ya ƙware a gareji ba ya bayyana a nan, sai ta fuskar abin da yake samu. Muradun ci gaba mai ɗorewa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 kuwa sun ambaci ƙwarewar sana'a da fasaha kai tsaye a ƙarƙashin muradi na huɗu.