Nawa ƙasashe ke kashewa a kan jami'a, kuma aljihun wa ake taɓawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dakta, barka da ƙoƙari. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Birnin Kudu. Yarona ya samu gurbin karatu a jami'a bana, sai da na fitar da riɗin da na ajiye kafin kuɗin rajista ya haɗu. Toh a majalisarmu musu ya kaure, wasu na cewa a Turai karatun jami'a kyauta ne gaba ɗaya, wani kuma ya rantse cewa UNESCO ta wajabta wa kowace ƙasa ta ware kashi 26 na kasafinta wa ilimi mu ne kawai muka ƙi. Dan Allah nawa ƙasashen duniya ke kashewa a kan manyan makarantu, mu kuma ina muka tsaya?

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya sa albarka a karatun yaro, ya kuma mayar maka da ninkin abin da ka fitar.

Bari in fara da mai rantsuwar nan, ka ce masa ya yi kaffara. Wannan kashi 26 ɗin ya daɗe yana yawo a bakin 'yan siyasa da 'yan jarida har da wasu daga cikinmu malaman jami'a, amma ba shi ne abin da ƙasashe suka amince da shi ba. Abin da ke rubuce shine matsayar da aka cimma a birnin Incheon na Koriya ta Kudu a 2015, inda aka ce kowace ƙasa ta yi ƙoƙarin kashe kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari na dukiyar da take samarwa a shekara, wato GDP, ko kuma kashi 15 zuwa 20 na kuɗin da gwamnati ke kashewa. Kuma shawara ce, babu wanda za a kama in bai cika ba. Sannan wannan lissafin na ilimi ne ɗungurungum, daga ajin da kake koyarwa har zuwa digiri na uku, jami'a wani yanki kawai take samu a ciki.

In aka ware manyan makarantu kaɗai, ƙasashe masu arziki da ke cikin ƙungiyar OECD suna kashe kimanin kashi 1.5 na GDP ɗinsu, in an haɗa na gwamnati da na iyaye da na kamfanoni. Amurka da Kanada da Chile sun haura kashi 2. Amma ni a aikina ba na tsayawa a kan kaso, saboda kaso yana ruɗin mutum. Manomin da ya noma buhu 200 ya fitar da ɗaya cikin ashirin ya fi wanda ya noma buhu 20 ya fitar da ɗaya cikin biyar yawan hatsin da ya bayar, duk da cewa na biyun ya fi jin jiki, in kuma gidan na biyun ya fi yawan baki ka ga an shiga wani lissafin. Shi yasa abin da ya fi nuna gaskiya shine nawa ke faɗawa kan ɗalibi guda a shekara.

A nan ne za ka ga rata. Matsakaicin ƙasashen OECD yana wajen dala dubu 20 a kan kowane ɗalibi a shekara. Amurka ta haura dala dubu 30, 'yar ƙaramar ƙasar nan Luxembourg ta haura dubu 50. In ka buga dala dubu 20 a canjin naira 1,500 naira miliyan 30 kenan, ɗalibi ɗaya, shekara ɗaya. Kar dai ka ɗauka kuɗin hannu ake miƙa wa yaro, a ciki akwai albashin farfesa wanda a can yake da tsoka, akwai kuɗin bincike wanda shi ke cin kaso babba, akwai ɗakin gwaje-gwaje da laburare da wuta da ba ta ɗaukewa, kuma rayuwa a can ta fi tsada. Duk da haka ko ka raba kuɗin gida biyar ba mu kama ƙafarsa ba.

Mu kuma a 'yan shekarun nan kason ilimi a kasafin gwamnatin tarayya yana yawo ne tsakanin kashi 5 zuwa 8. A kasafin 2025 da shugaban ƙasa ya gabatar an sa wa ilimi kimanin naira tiriliyan 3.5, in ka ji adadin sai ka ce kai, amma a dala bai kai biliyan biyu da rabi ba, kuma ba na jami'a kaɗai bane. Ko da za a juye shi duka a jami'o'i a farashin OECD, ɗalibai dubu ɗari da 'yan kai zai ɗauka, alhali masu zana jarrabawar JAMB a shekara guda sun kusa miliyan 2. Jami'ar Harvard ita kaɗai tana da asusu irin na waƙafi da ya haura dala biliyan 50, wanda ya fi gaba ɗaya kasafin gwamnatin tarayyar Najeriya na 2025 in aka canza shi zuwa dala, duk da dai su ba sa taɓa uwar kuɗin, ribar suke ci. Adalci kuma shine a tuna jihohi ma suna da nasu kasafin. Kano da Jigawa duk sun ware wa ilimi sama da kashi 25 a kasafin 2024 da na 2025, daga nan ake riƙe irin su Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da ta Aliko Dangote a Wudil da kwalejin ilimi ta Gumel. Sai dai kai ma'aikaci ne Malam, ka fi ni sanin cewa warewa a takarda daban, sakin kuɗi daban.

Yanzu maganar kyauta. Masu faɗin haka suna da rabin gaskiya. A Jamus tun 2014 jihar ƙarshe ta soke kuɗin makaranta a jami'o'in gwamnati, ɗan kuɗin zango kawai ɗalibi ke biya, 'yan ɗaruruwan yuro, wanda galibi har da tikitin shiga jirgin ƙasa da bas a ciki. Norway da Sweden da Denmark da Finland ma ɗan ƙasa ba ya biya, Denmark har alawus take ba ɗalibanta duk wata. Amma wa ya biya? Uban yaron ne ya biya tun kafin albashi ya shigo hannunsa, har da maƙwabcinsa da bai haifi ɗa ba. Harajin da Denmark ke tarawa ya haura kashi 40 na GDP ɗinta, matsakaicin OECD kusan kashi 34 ne, namu kuwa yana wajen kashi 10. Kuma su kansu da nauyi ya yi yawa baƙi suka fara sallama, Denmark ta sa wa waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba kuɗi a 2006, Sweden a 2011, Finland a 2017, Norway wadda yaranmu suka daɗe suna hange ta bi sahu a 2023. Dan haka duk wanda ya zo ƙauye yana karɓar kuɗin mutane da sunan zai samo wa yaro karatu kyauta a Norway, a bincike shi da kyau.

Ingila kuwa tana Turai amma hanyarta daban. Kafin 1998 ba a biya, a shekarar aka sa fam 1,000, a 2006 aka kai fam 3,000, a 2012 aka yi tsalle zuwa fam 9,000, daga baya 9,250, a 2025 kuma 9,535. Ɗalibi ba ya zaro kuɗin daga aljihu, gwamnati ke ranta masa, sai ya fara aiki albashinsa ya wuce wani ƙayyadadden adadi sannan a riƙa yanka a hankali, in shekarun da aka ɗiba suka cika bai gama biya ba a yafe ragowar. Ostireliya ta riga su, tun 1989 take wannan tsari. Amurka ta fi kowa kashewa cikin manyan ƙasashe amma kaso mai yawa daga iyaye da ɗalibai yake fitowa, shi yasa bashin karatu a can ya haura dala tiriliyan 1.7, akwai mai furfura da har yanzu yana biyan bashin digirinsa. Japan da Koriya ta Kudu yawancin ɗalibansu a jami'o'i masu zaman kansu suke, iyaye ke ɗaukar nauyi mai yawa, amma duk da haka kusan kashi 70 na matasan Koriya sun yi karatun gaba da sakandare. Saudiyya da ɗalibanmu na Jami'ar Musulunci ta Madina ke ba da labarin alawus da tikitin jirgi, man fetur ne ya biya, ga yawan jama'arta bai kai kashi ɗaya cikin biyar na namu ba.

A Afirka ma an gwada hanyoyi. Afirka ta Kudu bayan zanga-zangar ɗalibai ta 2015 gwamnati ta sanar a ƙarshen 2017 cewa 'ya'yan gidajen da abin da suke samu a shekara bai wuce rand dubu 350 ba za su yi karatu kyauta, kuma tun daga lokacin hukumar da ke biyan kuɗin ke fama da giɓi da jinkiri. Kenya tana da hukumar rancen ɗalibai tun 1995. Ghana ta kafa asusun ilimi a 2000 da wani yanki na harajin kayan masarufi.

Namu salon, in ka duba shi da idon basira, mun ɗauki alƙawari irin na Jamus da aljihun da bai kai ba. A hukumance jami'ar tarayya ba ta karɓar kuɗin koyarwa, abin da ka biya sunansa rajista da kuɗin jarrabawa da na asibiti da na ɗakin kwana da sauransu, kuma su ne suka yi tashin gwauron zabi a 2023 saboda jami'o'i na neman abin biyan wuta da dizal. Giɓin da ya rage ɗalibi ke biyansa, ba da naira ba. Yana biya da lakcar da ake yi wa mutum ɗari biyar a ɗakin da aka gina wa ɗari biyu, wasu a tsaye wasu a kan taga littafi a gwiwa, lasifika ta mutu malami na ta ɗaga murya na baya ba sa ji. Yana biya da darasin kimiyya da ake zana na'urar a allo saboda babu ita a ɗakin gwaji. Mafi ciwo kuma yana biya da shekarunsa, yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya fara 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, kuma tushen rigimar kuɗi ne, yarjejeniyar 2009 da alƙawarin naira tiriliyan 1.3 na gyaran jami'o'i da aka yi a 2013 wanda ba a cika shi yadda aka tsara ba. A wata takwas ɗin nan yaro yana gida yana ci, kuɗin hayar ɗaki a gari yana tafiya, wata yarinyar kuma an ɗaura mata aure karatun ya tsaya kenan. Babu kasafin da ke rubuta wannan asarar amma iyaye sun san da ita.

Abu ɗaya da nake yabawa a tsarinmu shine TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati, kuma shi ma gwagwarmayar malaman jami'a ce ta haife shi. An fara da dokar harajin ilimi ta 1993 wadda ta sa kamfanoni su ba da kashi 2 na ribarsu, a 2011 aka mayar da asusun na manyan makarantu zalla, a 2023 kason ya kai 3. In ka kai wa yaro ziyara ka zagaya ka duba sababbin gine-gine, ko a BUK ne ko Jami'ar Tarayya ta Dutse ko poli ta Kazaure ko kwalejin Bichi, za ka ga sunan asusun da shekara an rubuta a jikin bango ko a allon ƙofa. Dalilin da yasa yake aiki shine kuɗin yana da mafari guda sananne, ba ya jiran rabon kasafi. Matsalar dai ita ce an yi ta ƙara buɗe sababbin jami'o'i, kowane sanata na son a kai ɗaya mazaɓarsa, kuɗin kuma ana ƙara yayyanka shi. A ganina da a gina sabuwa gara a cika tsohuwa da malamai da kayan aiki, kuma ko da za a ƙara kuɗi ban yarda a ɗebo daga firamare ba, yaron da ya fita daga ajinka bai iya karatu ba babu jami'ar da za ta gyara shi.

Abin da ya shafe ka kai tsaye yanzu shine rancen ɗalibai na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, da aka sa wa dokarsa hannu a Afrilun 2024, wanda kusan kwaikwayon tsarin Ingila da Ostireliya ne. Na ɗaliban makarantun gwamnati ne, tarayya da jiha, ta intanet ake cikewa da lambar JAMB da NIN da BVN da lambar ɗalibta, kuɗin rajistar makaranta ake turawa kai tsaye, shi kuma yaro in ya nema ana sa masa naira dubu 20 duk wata na abinci. Babu ruwa a kai, ga masu tambayar halacci. Amma bashi ne, ka zaunar da shi ka faɗa masa haka dan wasu yaran rabon gwamnati suka ɗauke shi. Ana fara biya shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, ana cire kashi 10 na albashi, mai sana'ar kansa kuma kashi 10 na ribarsa. Ya adana rasit ɗin abin da ka riga ka biya, in rancen ya fito a wannan zangon da shi zai nemi makaranta ta dawo da kuɗin. A Ingila tsarin yana tafiya ne saboda hukumar haraji ta san albashin kusan kowa, mu kuwa yawancin masu digiri a nan kasuwa suke komawa ko gona ko koyarwa a makarantar kuɗi da ake biya hannu da hannu, dan haka yadda za a karɓo kuɗin a ranta wa ƙannensu shine abin da zan zuba wa ido in rukunin farko suka fara biya.