Tambayi Likita: Naman Firiza da Ƙwayoyin Cuta

Tambaya: Likita, sanyin firiza yana kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin nama?

Amsa: A'a. Barci kawai yake sa su. Da nama ya narke sai su farka su ci gaba da hayayyafa.

Tambaya: Na ji wai an samu wata ƙwaya a nama da ko hasken nukiliya ba ya kashe ta. Mu daina cin kazar firiza ne? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki. Ƙwayar tana nan, sunanta Deinococcus radiodurans. A 1956 aka gano ta a jihar Oregon ta Amurka, cikin naman gwangwani da aka haska da hasken gamma, wani nau'in hasken nukiliya, amma duk da haka ya ruɓe. Tana jure ninki kusan dubu na hasken da zai kashe mutum, sai dai ba a san ta da sa wa ɗan Adam ciwo ba.

Wadda nake tsoro ita ce Salmonella, da Listeria da ke iya hayayyafa ko a cikin firij. Kin san halin wutarmu. A ɗauke ta kwana biyu, kaza ta narke ta yi ruwa, a dawo da wuta ta sake daskarewa kamar ba abin da ya faru. Hanci ba ya jin warin waɗannan ƙwayoyi. Naman da ya narke har ya ɗumama, zubar da shi. Wanda bai narke ba, ki narkar da shi a hankali a firij, ba a rana ba, ki dafa har zafin cikinsa ya kai digiri 74 a ma'aunin Celsius, ba sauran ja kusa da ƙashi. In mai ciki ko yaro ya fara zazzaɓi da gudawa bayan cin nama, a tafi asibiti ranar.

Tambaya: Ina wanke kaza da omo, in mun ci mu haɗiye kafson ja da yalo don rigakafi. Ya wadatar?

Amsa: Subhanallahi! Wa ya koya muku wannan? Omo na tufafi ne, nama kuwa yana shanye shi. Shan kafso ba tare da ciwo ba shi ke koya wa ƙwayoyin cuta bijire wa magani. Ku daina. In gudawa ta zo, a fara da ruwan gishiri da sukari. In an ga jini a bayan gida ko amai ya ƙi tsayawa, asibiti, ba kemis ba. Kar a jira gari ya waye.