Kafin ka ɗauki kamera, ka tambaya su wa za su jefa ƙuri'ar

Ɗana, jiya kana naɗe wayoyin mikoro ka jefo mini tambaya ina tsakiyar montaji, wato yankawa da haɗa bidiyon bikin nan na Birni, na ce maka bari sai na samu sarari. To yanzu an yi isha'i, kuran, wato wutar lantarki, ya dawo, bari in rubuta maka don maganar baki saurin tashi gare ta. Ka ce wani abokinka na Maigatari ya kira ka, wai maigidansa zai nemi takarar gwamna a can Najeriya, za su shiga zaɓen fidda gwani na jam'iyya kuma suna neman wanda zai haɗa musu tallan tele, shi ne kake tambaya ta wai tallan nan yana kawo ƙuri'a da gaske ko kuwa zuba kuɗi ne kawai a rijiya.

Wallahi na ji daɗin tambayar, don yara da yawa da suka wuce ta sutudiyon nan nawa za a biya kawai suke tambaya.

Ka fara gane wani abu. Mu nan Nijar ba a zaɓen gwamna, gwamnan Damagaram da na sauran jihohi daga Yamai ake naɗo su, don haka wannan aikin ba mu saba da shi a gida ba. Abin da muka sani shi ne kampan na shugaban ƙasa da na 'yan majalisa da na kansiloli, kamar na 2020 da zagaye na biyu na Fabrairun 2021 tsakanin Bazoum da Mahamane Ousmane, inda kowane mai katin zaɓe ƙuri'arsa ɗaya, mai shayi da alhaji duk ɗaya. Idan ka ɗauki wannan tunanin ka tsallaka iyaka da shi zuwa fidda gwani za ka yi aiki mai kyau amma ka harba inda babu tsuntsu.

A can, dokar zaɓensu ta 2022 ta ba jam'iyyu hanya uku a wancan lokacin. Akwai 'yar tinƙe inda duk ɗan jam'iyya mai kati yake fitowa, akwai ta daliget wato wakilai 'yan kaɗan da ake tsamowa daga mazaɓu, akwai kuma sasanci, manya su zauna a ɗaki su ce wane ne. Abin da za ka fara tambayar abokin nan naka ke nan tun kafin maganar kuɗi, wace hanya jam'iyyarsu za ta bi a wannan karon, don doka tana canzawa jam'iyya ma tana canza ra'ayi.

Dubi Kano a watan Mayun 2022. Jiha ce mai miliyoyin mutane, ƙananan hukumomi 44, mazaɓu 484, APC ta ɗauki daliget biyar biyar daga kowace mazaɓa, ka lissafa, mutum 2,420 ke nan. Nasiru Gawuna wanda yake mataimakin gwamna a lokacin kuma gwamna Ganduje yana bayansa ya samu ƙuri'a 2,289, Sha'aban Sharada ya samu 30. Yanzu kai ka faɗa mini, wane irin montaji za ka yi, wace irin murya za ka sa, da zai juya wannan lissafi? Mutum dubu biyu da 'yan kai da aka san sunan kowa da gidansa da wanda ya sa shi a jerin, ba a gaban tele suke yanke shawara ba, sun yanke tun a zauren ubangidansu.

Amma kar ka ce to shi ke nan daliget duk a aljihu suke. A Katsina a wannan watan dai Dikko Radda ya ci da 506, Mustapha Inuwa 442, Abbas Masanawa 436. Tazarar 64 kacal tsakanin na ɗaya da na biyu. A irin wannan wuri da manya suka rabu, daliget yana tambayar kansa wa zai iya ci mana babban zaɓe, wa jama'a suka sani, kuma a nan ne tallanka yake da ɗan aiki. Daliget ya koma gida ya tarar matarsa da yaransa suna rera waƙar ɗan takara, ya je majalisa ya ji ana hirarsa, sai ya ji a ransa mutumin nan fa da ƙarfinsa. Tallan bai saye shi ba, ya dai nuna masa inda iska take kaɗawa. Ni a ganina iyakar abin da talla ke yi ke nan a zaɓen daliget, kuma ba ƙaramin abu ba ne idan tazarar ƙanƙanuwa ce, amma haramun ne ka ce wa mai kuɗi zai yi fiye da haka.

Na taɓa yin irin aikin nan shekarun baya kafin ka zo wurina, wani ɗan takara ne a tsallaken iyaka, ba sai na kama suna ba. Kwana tara muna yawo ƙauye ƙauye muna ɗaukar rijiyoyin da ya gina da ajujuwan da ya gyara, na zauna dare uku a kan ordinata, har yau ina ganin yana cikin ayyukan da na fi ƙawatawa. Aka sa shi a tele aka yi ta yabo, shi kansa ya kira ni yana murna. Ranar fidda gwani ya sha ƙasa ba kusa ba, kuma ragowar kuɗina har gobe ban gan su ba, wayarsa ma ta daina shiga. Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin ba ne, ban tambaye shi su wa za su zaɓa ba, na yi wa manoma da matan ƙauye magana alhali ba ko ɗayansu da zai shiga ɗakin zaɓen. Da na sani da na ce masa ranka ya daɗe rage rabin kuɗin tele ka hau mota ka bi wakilan nan gida gida.

Idan 'yar tinƙe ce lissafi ya ɗan canza, don masu zaɓen sun yi yawa ba za ka iya bin su ɗaya ɗaya ba. Duk da haka ka tuna Legas a Oktoban 2018, Ambode yana kan kujerar gwamna, fuskarsa kullum tana tele, ana saura kwana kaɗan har ya tara 'yan jarida ya soki abokin takararsa Sanwo-Olu a gaban kamera, amma shugabannin jam'iyya suna bayan Sanwo-Olu, aka ƙirga, Sanwo-Olu sama da dubu 970, Ambode dubu 72 da ɗoriya.

Inda tele take da ƙarfi sosai a fidda gwani Amurka ce, don can talakawa ne suke fita su zaɓi ɗan takarar jam'iyya, kuma tunda duk 'yan takaran jam'iyyarsu ɗaya, mai zaɓe ba zai ce ai ni ɗan jam'iyya kaza ne ya dangwala kawai ba, dole sai sunan da ya sani. Shi ya sa masu kuɗi ke zuba dukiya. Meg Whitman tsohuwar shugabar kamfanin eBay ta ci fidda gwanin takarar gwamna a jihar Kalifoniya a 2010 da ruwan talla, ta kashe sama da dala miliyan 140 na aljihunta gaba ɗaya, Jerry Brown ya kayar da ita a babban zaɓe. Kafin ita a wannan jihar dai a 1998 wani attajiri Al Checchi ya kashe wajen dala miliyan 40 ya cika tele da fuskarsa, Gray Davis da bai kai shi kuɗi ba ya ɗauke tikitin. Shi kuwa Pritzker a Ilinoi a 2018 ya zuba kuɗi ya ci fidda gwani ya ci kujerar. Ka ga ke nan talla tana sa a san ka, sanin kuma wani lokaci ya zama so wani lokaci ya zama gundura.

Akwai gwaji guda da nake so ka riƙe da kyau don shi ya canza yadda nake ba mutane shawara. A farkon 2006 gwamnan Tekzas Rick Perry yana neman tazarce, mutanensa suka yarda wasu malaman jami'a, cikinsu akwai Alan Gerber da Donald Green, su tsara yadda za a saki tallan kusan dala miliyan 2. Sai aka yi ƙuri'a ta sa'a wajen zaɓar yankuna, wannan yanki a sa tallan wannan mako, wancan a jinkirta, wani a sa da yawa wani kaɗan, kullum kuma ana buga wa mutane waya ana tambayarsu wa suke so. Abin da aka gani, makon da tallan ke tafiya farin jininsa yana tashi sosai, da an tsayar kuma cikin mako ɗaya zuwa biyu sai ya koma inda yake. Kamar yayyafi a kan rairayin nan namu, ƙasa ta yi duhu ka ji ƙamshi, kafin la'asar ta bushe. Don haka duk wanda ya ce maka zai saki talla wata uku kafin zaɓe sannan kuɗinsa su ƙare, ka ce masa ya adana, ya tara ƙarfinsa a kwana goma na ƙarshe. Ka kuma sani a Najeriya ana rufe tallan siyasa awa 24 kafin ranar babban zaɓe, ka tambayi gidan telen ƙa'idarsu tun wuri kar ka kai kile, wato ɗan abin da ka zuba aikin a ciki, a ce maka an rufe.

Sai kuma maganar su wa ke kallon telen ma. Kai shaida ne, a fadarku ta Sabon Gari idan an kunna tele ƙwallo ake kallo ko fim, labarai na zuwa kowa ya sunkuya kan salularsa. A ƙauyukan Magarya da Matamai da na tsallake wajen Ɓaɓura da Daura rediyo ce a rataye a wuyan manomi, kuma siyasar Kano rabinta a rediyo ake yin ta, sojojin baka su shiga Freedom Radio da dare gari ya kwana yana maimaita abin da suka faɗa. To in an ba ka aikin tele kar ka tsaya a tele. Ka haɗa shi yadda in an cire hoton sautin kaɗai zai tsaya da ƙafarsa a rediyo, ka kuma yanka wani gajere a tsaye na WhatsApp da Facebook da TikTok, wanda ba shi da nauyi, don mai ƙaramin kiredi ba zai buɗe bidiyo mai cin data ba.

Kan aikin kansa, sakan 30 ne ko 45, kar ka bari su tilasta maka cusa tarihin mutum tun daga makarantar allo. Magana ɗaya tak. In ruwa ne ruwa, in taki ne taki. Sunansa ya fito a baki sau uku, fuskarsa kusa, idonsa cikin kamera, kuma shi ya yi magana da bakinsa ko da jimla biyu ce, don mutanenmu suna auna mutum da muryarsa, mai karanta talla da murya mai daɗi ba shi za a zaɓa ba. Sauti ya fi hoto a wurina, na sha gaya maka, lokacin da ake sa tallan nan mutane suna cin tuwo ne bayansu ga tele, kunne ne ke aiki. Ka sa mikoron kwala, ka kashe fanka, ka nisanci gurup wato injin wuta, in iska tana kaɗawa ka jira. In daliget ne masu zaɓen, hoton taro ya fi hoton rijiya amfani, a ga cincirindon jama'a na gaske, a ga dattawan jam'iyya a gefensa, amma kar ka kuskura ka ɗauko taron wani wuri ka liƙa, mutanen gari sun san kowace bishiya ta filinsu kuma rana ɗaya za a tona.

Zagi kuma babu shi a sutudiyona. Za su ce maka ka saka hoton abokin hamayya ka ɓata shi, ka ce a'a. Fidda gwani rigimar cikin gida ce, waɗanda suka zagi juna yau gobe za ka gan su kan mumbari ɗaya suna ɗaga hannun juna, kai da ka haɗa bidiyon kai za a bari da baƙin jini, ga alhakin mutum a wuyanka in ƙarya ce. Hausar ma ka kula da ita, kalmominmu na nan irin su lakwal da kuran can ba su san su ba, makaranta da wutar lantarki za ka ce, ka samu ɗan can ya saurara kafin ka fitar.

Kuɗi kuwa kashi biyu cikin uku a hannu kafin kamera ta fita daga jaka, sauran ranar da za ka miƙa aiki, kuma a yi magana a sefa don naira tana iya sauka kafin ka gama montaji. Kuɗin sakawa a gidan tele su za su biya da kansu, kar ya bi ta hannunka.

Gobe in Allah ya kai mu ka kira abokin naka a gabana, ka tambaye shi hanyar da za a bi wajen zaɓen, mutum nawa ne za su jefa ƙuri'a, da ranar da aka sa. In ya amsa waɗannan sai mu zauna ni da kai mu ga ko tele ta dace da su ko rediyo da salula sun ishe su, in ya so kai za ka riƙe kamera ni in tsaya a bayanka. Ka zo da wuri, ka sa baturan nan biyu a caji tun daren nan, akwai sunan da za mu ɗauka a Garin Malam da hantsi.