Muryar Anti kan haɗa ɗaki a Umrar azumi

(Ga abin da Anti ta faɗa, na rubuto saboda masu ƙarancin data.)

Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da war haka. Ƙanwata mai tambayar jiya, kin ce za ki Umrar azumi, ƙawarki ta ce ku haɗa ɗaki ku huɗu, ke kuma zuciyarki na ta wasi-wasi. To ga tawa.

Ƙawa daban, abokiyar tafiya daban wallahi. Ni da aminiyata mun fi shekara goma tare, ko biki ba na zuwa sai da ita, amma da muka sauka a unguwar Misfala sai da muka yi kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu, a garin Makka fa! Kuma ba wani abu ba ne, esi ne. Ita tana son ɗaki kamar firij, ni kuma sanyi na kama min ƙirji, ta ƙure shi ta kwanta, na lallaɓa na rage, ta farka ta ƙara, ƙarshe ta koma kwana da rimot a ƙarƙashin filo. Yanzu dariya muke, amma ranar har hawaye na yi.

Don haka ki fara tambayar barcinsu. A goman ƙarshe dare ba na barci ba ne, tarawi, a dawo tahajjud, sahur, asuba, sai gari ya waye za ki samu ki runtsa. To Saudiyya ta riga Najeriya da awa 2, ke kina tsakiyar barci da hantsi, lokacin wata za ta kira gida ta saki waya a sifika ana nuna mata jikoki ɗaya bayan ɗaya.

Sai ƙafa. Wata tana son ta fita tun la'asar ta kama wuri a cikin Harami ta sha ruwa a can, wata gwiwa ta hana ta sauri, in kun makara kuma askarawa sun tare hanya sai dai ku yi salla a waje. Ba laifin kowa ba ne, amma ku yi magana tun daga gida cewa ba dole a jira juna ba. Mu daga baya ƙofar Sarki Fahad muka tsayar, lamba 79, wadda ta gama ta tsaya a nan kaɗan, in ba ta ga kowa ba ta wuce masauki, ba fushi.

Kuɗi kuwa, hmm, nan ne zumunci ke karyewa. Ku yi ɗan asusu na riyal don abinci da tasi, misali in za ku Tan'im ɗaura harami, mutum ɗaya ta riƙe tana rubutawa. Tsaraba kowa da aljihunta. Haka zuwa Madina, jirgin ƙasa ya fi mota sauri nesa ba kusa ba amma ya fi tsada, kar sai an zo tafiya wata ta ce ita ba ta da shi. Izinin shiga Rauda ma a manhajar waya ta Nusuk ku zauna ku nema tare don lokacinku ya zo ɗaya.

Kuma don Allah, a filin jirgi kar ki karɓi kayan kowa, ko da a ce “ɗan saka min wannan, kilona ya wuce”, sai dai in an buɗe kin gani da idonki. Saudiyya ba ta wasa da maganar ƙwaya, kuma sunan da ke jikin jaka shi ake kamawa.

Sauran biyun nan da ƙawarki za ta kawo, kin san su? In ba ki san su ba ki ce a haɗa ku ko a waya ne kafin a biya kuɗin ɗaki. Af, caji na zai ƙare, sai anjima, ki gaida Mama.