Me ya kashe Ƙungiyar Ƙasashen Duniya da aka kafa a 1920?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin tarihi ne daga Mubi. An koya mana cewa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya an kafa wata ƙungiya ta ƙasashe don kada a sake yaƙi, amma ko shekara ashirin ba ta cika ba wani ya ɓarke. Me ya kashe ta? Kuma da gaske ne tana da hannu a tarihin yankinmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ciwon wannan ƙungiya tun daga haihuwa ta zo da shi, don haka sai mun koma taron da ya haife ta.

An tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamba 1918, aka buɗe taron sulhu a Paris a watan Janairun 1919. Sunansa taron sulhu, amma ba a zauna da Jamus ba, ba a gayyaci Rasha ba. Mutum uku ne ke riƙe da wuƙa da nama: Woodrow Wilson na Amurka, Lloyd George na Birtaniya da Clemenceau na Faransa. Jamusawa kiransu kawai aka yi su sa hannu ranar 28 ga Yuni 1919 a Zauren Madubai na fadar Versailles, ɗakin da aka yi shelar kafa daular Jamus a 1871 bayan ta ci Faransa da yaƙi. Ba banza aka zaɓi ɗakin ba. Sashe na 231 ya ɗora wa Jamus da ƙawayenta alhakin ɓarnar yaƙin, aka rage sojojinta zuwa 100,000, aka karɓe Alsace da Lorraine da duk yankunan da take mallaka a ƙetare. A 1921 aka yanka mata diyyar mak (kuɗin Jamus) biliyan 132 na zinariya.

To, tsarin mulkin ƙungiyar shi ne babi na farko na wannan yarjejeniya. Saboda haka Bajamushe yana kallonta a matsayin mai gadin hukuncin da aka yanke masa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wanda ya kawo shawarar bai shigo ba. Wilson ne ya sa kafa ƙungiyar a cikin manufofinsa 14 na 1918, amma Majalisar Dattawan Amurka ta ƙi amincewa, a Nuwamban 1919 da kuma Maris ɗin 1920. Sanata Henry Cabot Lodge da mutanensa sun tsaya a kan sashe na 10 na tsarin mulkin ƙungiyar, wanda ya wajabta kare iyakar kowace ƙasa memba. Suka ce ba za a ja Amurka yaƙi ba tare da izinin majalisarta ba. Ƙungiyar ta fara aiki ranar 10 ga Janairu 1920 da ƙasashe 42, mazauninta Geneva, ba ta da soja ko ɗaya, kuma muhimmin hukunci ba ya wucewa sai kowa ya yarda.

Ba zan zalunce ta ba, ta yi aiki. Ta sasanta Finland da Sweden kan tsibiran Aland a 1921, ta tsayar da faɗan Girka da Bulgeriya a 1925, ta fito da fasfon Nansen ga 'yan gudun hijira marasa ƙasa, kuma hukumar ƙwadago ta duniya da aka kafa tare da ita tana nan har gobe. Amma ka lura, rigingimun ƙananan ƙasashe ne take iya kashewa.

Da manya suka taka doka sai asiri ya tonu. Japan ta mamaye yankin Manchuria na ƙasar Sin a 1931. Da aka yi tir da ita sai ta fice a 1933, shekarar da Hitler shi ma ya fitar da Jamus. Sai Habasha, wadda a ganina a kanta ƙungiyar ta mutu tun kafin a yi mata jana'iza. Memba ce tun 1923, tana da haƙƙin kariya kamar kowa. Mussolini na Italiya ya afka mata a Oktoban 1935. An sa wa Italiya takunkumi, amma aka tsame man fetur daga ciki, aka bar mashigin Suez a buɗe jiragen ruwanta na wucewa da sojoji da makamai. A Disamba kuma aka bankaɗo shirin da ministan harkokin wajen Birtaniya, Hoare, da firaministan Faransa, Laval, suka ƙulla a ɓoye na miƙa wa Italiya babban ɓangaren ƙasar. A Yunin 1936 Sarki Haile Selassie ya tsaya gaban wakilai a Geneva yana bayani da harshen Amhara yadda jiragen sama suka yi wa mutanensa da dabbobinsu feshin guba, 'yan jaridar Italiya na busa usur don kada a ji shi. Bayan 'yan makonni aka ɗage takunkumin. Birtaniya da Faransa sun fi tsoron Mussolini ya koma wajen Hitler fiye da su ga an haɗiye ƙasar baƙar fata, kuma daga baya can ɗin ya koma.

Batun yankinku kuwa gaskiya ne. Mubi, Gwoza, Dikwa da Mambila duk a da suna cikin Kamarun da Jamus ta mallaka. Sashe na 22 na tsarin mulkin ƙungiyar ya ƙirƙiro mulkin amana, wai a riƙe irin waɗannan ƙasashe har mutanensu su iya tsayawa da ƙafafunsu. A aikace an ba kura ajiyar nama ne: Faransa ta ɗauki kusan kashi huɗu cikin biyar na Kamaru, Birtaniya ta ɗauki ɗan zirin da ke iyaka da Najeriya, aka tabbatar a 1922, ba tare da an tambayi kowa a Adamawa ko Borno ba. Duk da haka, dole mai riƙon ya kai rahoto Geneva kowace shekara, kuma ba shi da ikon cewa ƙasar tasa ce. Da aka rushe ƙungiyar a Afrilun 1946, Majalisar Ɗinkin Duniya ta gaji amanar, ita ce kuma ta sa ido a ƙuri'ar raba-gardama ta Fabrairun 1961. Kudancin zirin na Birtaniya ya zaɓi Kamaru, arewaci ya zaɓi Najeriya, ya shigo ranar 1 ga Yuni 1961 aka sa masa suna Lardin Sardauna.