Kifi Mai Fitila A Goshi: Gaskiya Ne Ko Aikin Kwamfuta?

TAMBAYA: Malam, na haura shekara arba'in ina su a kogin Kwara, daga Yawuri har Ngaski. Jikana ya nuna mini wani baƙin kifi a wayarsa, baki wangale, haƙora kamar allurai, wai har da fitila a goshi. Na ce masa aikin kwamfuta ne, ya ƙi yarda. A raba mana gardama.
Daga wani masunci a Yawuri, Jihar Kebbi.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Sai dai a yi haƙuri, wannan karon jikan ne ya kayar da kai. Kifin nan akwai shi, kuma abokin sana'arka ne, don shi ma da fatsa yake neman abinci.

Bidiyonsa da ya fi yawo an ɗauke shi ne a farkon 2025, kusa da tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen. Abin da ya sa aka yi ta surutu shi ne ganinsa a saman ruwa da rana tsaka, alhali gidansa can ƙasa ne, har zurfin mita 2,000. Kada hoton ya ruɗe ka, duk ban tsoron nan bai wuce tsawon yatsa ba, kuma bai daɗe ba ya mutu.

Tafkin Kainji da kuke ganin ya kai maƙura, inda ya fi zurfi kamar mita 60 ne. A teku kuwa, daga mita 200 hasken rana ya fara gazawa, a mita 1,000 duhu ne ƙirin, dare da rana duk ɗaya. Ba ciyawa, ba gansakuka. Abin da ake samu shi ne ɓurɓushin matattun halittu da ke gangarowa daga sama kamar yayyafi, sai kuma cin juna.

To mai jin yunwa a cikin duhu ya zai yi? Wata ƙaya ce daga ƙayoyin bayansa ta miƙo ta goshi kamar sandar fatsa, a ƙarshenta akwai 'yar jaka cike da ƙwayoyin bakteriya masu ba da haske. Su sun sami masauki, shi ya sami koto. Ba ya wahalar farauta, sai ya lafe yana kaɗa fitilar. Ƙaramin kifi ya zaci kalaci ne, ya matso, sai ya tsinci kansa a ciki. Tumbinsa yana buɗewa har ya haɗiye abin da ya fi shi tsawo, domin bai san ranar da zai sake samu ba.

Na ce “shi”, amma mace ce mai fitilar. Namijin ɗan mitsitsi ne. A wasu danginsu ma cizon macen yake yi ya liƙe, har fatarsu da jininsu su haɗe, ta ci gaba da ciyar da shi iyakar ransa. Kada dai matan Yawuri su ji wannan.

Abin da ya fi ba ni mamaki nauyin ruwa ne. A mita 1,000, duk wuri mai faɗin farcen yatsa yana ɗauke da nauyin buhu biyu na shinkafa masu kilo 50. Ka san jakar iskan nan da kake cirewa in kana gyaran giwan ruwa? Ita ce ruwa zai fara matsewa, shi kuwa wannan ba shi da ita, jikinsa luguf yake, mafi yawansa ma ruwa ne. A 2022 an ɗauki hoton wani kifin daban a zurfin mita 8,336 kusa da Japan, yana iyo abinsa.

Ina yaro a Argungu na taɓa cusa hannu cikin homa na damƙo minjirya, hannun ya yi sanyi har kafaɗa. Da na ba wani abokina Bakano labarin kifi mai jan mutum kamar wutar lantarki, dariya ya yi mini. Jikan nan dai a biya shi tararsa, ko da bandar tarwaɗa ɗaya ce.