Amsa ga 'yar'uwar da rigar filon kujerarta ta karkace

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da ƙoƙari, wallahi na ji miki. Kin ce kina saƙa rigar filon kujera mai inci 18 da kwarashi, kin kai fiye da rabi sai kika ga ƙasan da faɗi saman ya tsuke, da kika gwada a jikin filon kuma ta yi sako-sako, farin filon yana leƙowa ta ramukan saƙar. Kina tambaya ko ki warware ko ki ci gaba. Duk wadda ta riƙe kwarashi ta san wannan takaicin, ni ma na san shi sarai. Ki warware. Na san da ciwo, amma ɗinki ba ya gyara saƙar da ta karkace, guga ma ba ta gyara ta.

Tsukewar nan daga gefe take zuwa. Ido, wato kowane ɗauri guda na saƙar, kike zubarwa a ƙarshen layi, ko na farko ko na ƙarshe, don su ne suke ɓuya. In dabul kike yi, wato saƙar nan mai dogon ido, sarƙa ukun da kike juyawa da ita ido ce ita ma: ki tsallake ido na farko, in kin zo ƙarshen layi kuma ki soka kwarashinki a kan sarƙa ta ukun ta layin baya. Nan ne yawancinmu muke wucewa ba mu gani ba. In singul ne, wato mai gajeren ido, sarƙa ɗaya za ki yi, ba a ƙirga ta, ki fara a ido na farko kai tsaye. Ido ɗaya a kowane layi kamar ba komai ba ne, amma layi goma ido goma ke nan, kusan inci uku sun tafi. Ki samo fil biyu irin na hijabi, ko guntun zare mai wani launi, ki maƙala a ido na farko da na ƙarshe, kina ɗaga su duk layi. Ki riƙa ƙirga, ko ana hira ko ana kallo. In kuma kin ga ƙasan ne ya tsuke saman ya buɗe, to sarƙar farko ce ta yi tsauri, sai ki yi ta da kwarashin da ya fi wanda za ki yi aikin da shi girma da lamba ɗaya.

Maganar sako-sako kuwa, kada ki saƙa daidai da awon filon. Saƙa tana miƙewa, balle ulun roba da ya cika mana kasuwa. Filon inci 18 rigarsa inci 17 ce, na inci 16 kuma 15. Sai kin ɗan yi kokawa kafin filon ya shiga, to a lokacin ne kusurwoyin za su cika su tsaya. Kuma ki auna filon daga ɗinki zuwa ɗinki, ba ta kan tudun cikinsa ba.

Kada ki ɗauki yawan sarƙar da kika ji a bidiyo, hannunki daban, zarenki daban. Ki saƙa ɗan gwaji mai ido 20, layi 15 zuwa 20, ki shimfiɗa shi ba tare da kin ja ba, ki ɗora tef a tsakiya ki ga ido nawa ne a inci 4. A ce kin samu 14. Ido uku da rabi ke nan a kowane inci, ki ninka da 17, zai ba ki 60 in kin cike. Sarƙa 61 za ki yi in singul ne, ki fara a ta biyu daga kwarashi. Tsawon kuma ba sai kin ƙirga layi ba, ki yi ta saƙa har tef ya nuna 17.

Yanzu bari in faɗi abin da ya fi ci min rai, don ina zargin yana cikin matsalarki. Zaren da ake sayar mana. Za ki shiga Kasuwar Gumi ko Kasuwar Barci a Kaduna ki ce a ba ki ƙulli shida launi ɗaya, a ɗebo miki a cikin rumfa mai duhu, duk ja ne a ido. Sai kin yi nisa da aiki, kin fito da shi tsakar gida da rana, ki ga layi ya raba saƙar biyu, nan ja mai haske can ja mai duhu. Wani ƙullin ma kaurinsa ba ɗaya ba ne da ɗan'uwansa, ki ga saƙar ta tsuke alhali ba ki zubar da ido ko ɗaya ba. Ki koma ki yi magana a ce miki ai duk kamfani ɗaya ne, Hajiya, idonki ne. Idonki ne! Bayan mutum ya ɓata dare da rana, wuya ya sage, yatsa ta yi kanta. Wasu sun san sarai ragowar tsohon kaya suka haɗa da sabo, amma ba za su faɗa ba, tunda an riga an cire takarda ba a mayarwa. Ba duka ba ne, akwai masu tsoron Allah da za su buɗe miki sabuwar leda, amma wannan hali yana da ciwo, kuma mu masu ƙaramin jari yake kwantarwa. Don haka ki sayi duk abin da aikin zai ci a rana ɗaya daga leda ɗaya, ki ƙara ƙulli ɗaya a kai. Ki fito da su bakin rumfa ki jera a hasken rana. In takardar tana da lambar rini, ki tabbata lambar ɗaya ce. In kin riga kin saya sun bambanta, ki yi gaban rigar da ɗaya, bayanta da ɗayan, ko ki riƙa musanya su duk layi biyu, bambancin zai narke.

Yawan zare: rigar inci 18 gaba da baya da singul tana cin giram 250 zuwa 300 na zare matsakaici, ƙulli shida ke nan in mai giram 50 ne. Dabul bai kai singul cin zare ba kuma ya fi sauri, amma shi ne mai ramukan da kike kuka da su. Siririn ulun nan na kayan jarirai ki ruɓanya shi biyu ki yi da kwarashi 4.5 ko 5 mm. Mai laushin nan da ake kira milk kotin 3.5 ko 4 ya ishe shi. Don filo kullum gara kwarashin ya ɗan yi ƙasa da wanda aka rubuta a takarda, saƙar ta yi cuɗe. Ni a wurina rabin dabul, mai tsayi tsakanin singul da dabul, ya fi dacewa da filo, ba ya rami kuma ba ya cinye miki lokaci kamar singul.

In dai dabul ɗin kike so, ko murabba'in nan mai zagaye daga tsakiya, to ki ɗinka wa filon rigar ciki da yadi mara ado mai launin zaren, rabin yadi mai faɗi ya isa. Fari a ƙarƙashin baƙi ko ruwan hanta ba ya ɓuya. Rigar cikin tana kuma tare ƙurar hunturu, kin san yadda take yi mana daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Shi murabba'in, kowace kusurwa dabul uku, sarƙa biyu, dabul uku. In kin ga yana murɗewa gefe guda, ki riƙa juya aikin duk zagaye.

Don Allah kada ki rufe gefe huɗu da filon a ciki. Ranar da yaro ya zubar da miyar kuka a kai za ki gane. Ki raba bayan rigar kashi biyu, kowanne faɗin 17 tsawon 11, su hau juna da inci 5, ki sa maɓalli huɗu. Ramin maɓalli sarƙa biyu ne ki tsallake ido biyu, a layi na gaba ki cike su. In zif kike so, ki nemi mai inci 16 ki ɗinka da allurar hannu. Kada ki kai wa tela ya hau da keke, ƙafar keken tana jan saƙa, bakin ya yi ta lanƙwasa. Wajen haɗa gaba da baya ki kafe su da fil tukuna, kusurwa da kusurwa, tsakiya da tsakiya, sannan ki bi da singul, uku a kowace kusurwa don kada ta tattare.

Jelar zare ki bar inci 6, ki saka ta a cikin saƙar da babbar allura, gaba, baya, ki sake gaba. Ƙona bakin da ashana da wasu ke yi ba shi da kyau, yana barin ƙullutu mai tauri da ke kartar fuska, kuma yana ɓallewa a wanki.

In na sayarwa ne kike yi, ki lissafa kuɗin hannunki tun kafin ki fara, ki karɓi rabin kuɗi. Mutane za su zo su kwatanta miki da na kanti wanda inji ya buga, alhali saƙar kwarashi ido-ido ake yin ta da hannu. Wata ta sa ki yi set ɗin ɗakin amarya guda shida sannan ta ce launin bai yi mata ba. Ki tura mata hoton zaren da aka ɗauka da rana ta amince kafin ki ɗaura sarƙar farko.

Zaren da za ki warware zai fito a nannaɗe. Ki naɗe shi a bayan kujera, ki ɗaure wuri huɗu, ki tara shi a turirin tukunya daga ɗan nesa, ki bar shi ya bushe kafin ki dunƙule. Wanki kuma ruwan sanyi da sabulu kaɗan, ban da murɗawa, ki matse a cikin tawul ki shimfiɗa a inuwa, don in kin rataya a igiya nauyin ruwa zai ja shi. Dutsen guga kada ya taɓa ulun roba, narkewa yake yi ya saki gaba ɗaya.

Kafin ki warware, ki ƙirga idon layin farko da na layin da kika tsaya ki faɗa mana, tare da lambar kwarashinki. In lissafin ya zo ɗaya to zaren ne ko hannunki ya ƙara tsauri, sai mu san ta inda za a ɓullo. Allah Ya sa albarka a sana'a.